Batir da jarkar fetur ba sa zama wuri ɗaya

Duk wanda ya leƙa bakin kogin Isa a Gaya zai ga batir ya zama abokin tafiyar masu jiragen ruwa. Da shi ake kunna fitila da dare, da shi ake cajin salula. Wannan ci gaba ne, amma yadda ake ajiye shi yana tayar mana da hankali. Sau da yawa za ka tarar da batir a ƙasan jirgi, kusa da jarkokin fetur, an lulluɓe su da tamfol ɗaya.

Jama'a, batir mai ruwa idan yana caji yana fitar da wata iska mai kama wuta, wadda ba a ganinta. Ita sama take tashi, tururin fetur kuwa ƙasa yake kwanciya. Waya ɗaya ta saki ta yi tartsatsi, shi ke nan. A tsakiyar kogi ina wurin gudu ga mata da yara?

Gyaran ba ya da tsada. A sa batir cikin akwatin roba, a ɗaure shi kada igiyar ruwa ta kifar da shi, a rufe kawunansa, a huda akwatin ta sama don iskar ta fita, a kuma nisanta shi da mai. Batirin mota na tayar da inji ne. Na sola ya fi jure aikin fitila.

Muna kira ga sarakunan ruwa su riƙa duba wannan kafin jirgi ya tashi. Allah ya kiyaye.