Doguwar Tafiya Da Ƙananan Yara

Yau zancenmu na magidanci ne da zai kwashi iyalinsa daga Zadawa, ya bi ta Azare da Jama'are da Wudil zuwa Kano. Babba yakan daure, amma ga ɗan shekara biyu, zama wuri guda na sa'o'i azaba ce.

Da farko, mazaunin yaro shi ne bayan mota, a ɗaure cikin kujerar yara, ƙofofi kuma a kulle. Cinyar uwa a gaba ba mafaka ba ce, domin in direba ya taka birki ba zato, babu hannun da zai riƙe shi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana wannan gargaɗi.

Sa'an nan a kama hanya bayan sallar Asuba, lokacin da barci bai saki yara ba. A riƙa yada zango su miƙe ƙafa. Guzurinsu ya kasance ruwa da ayaba da kunu. Gyaɗa da aya kuwa suna iya shaƙe yaro. In rigima ta taso, uwa ta jawo tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ko a sa su ƙirga shanun bakin hanya.

Abu mafi girma, kada a kuskura a bar yaro cikin rufaffiyar mota, ko da na minti biyar ne. Zafin bazara yana kisa.

Tafiya sannu-sannu kwana nesa. Allah Ya kiyaye hanya, amin.