Dimokuraɗiyyar Otal

Sau uku ana gayyata ta taron "ƙara wa juna sani kan dimokuraɗiyya" a otal-otal na bakin teku a Lome. Sau uku ina komawa Zongo da riga da hula da ambulan ɗin kuɗin mota. Da Faransanci aka yi komai. Mai kokon ƙofar gidanmu, wadda da sunan irinta aka karɓo tallafin daga Turai, ba ta ma san an yi ba. Ni ma na soke ambulan a aljihu, ba zan wanke kaina ba.

To, me kuɗin nan suka sayo mana? Tun 1967 gida ɗaya ke mulkin Togo: Eyadema har 2005, sai ɗansa Faure. A 2024 aka sauya tsarin mulki, aka raba talaka da zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye. A Mayun 2025 Faure ya zama shugaban majalisar ministoci, kujerar da ba ta da iyakar wa'adi. 'Yan taron otal kuwa suka rubuta rahoto, suka nemi sabon tallafi.

Ranar 19 ga Agustan 2017, da Tikpi Atchadam ya kira mutane titi neman a dawo da tsarin mulkin 1992, ban ga wanda ya tsaya jiran ambulan ba. Hayaƙi mai sa hawaye suka sha.

In da gaske kuke, ku zo Zongo, ku yi taron da Hausa da Kotokolanci, ku karanta mana lissafin kuɗin sefa-sefa, yadda ake karanta na ginin masallaci bayan Juma'a.