Dajin Gadabeji Ba Filin Tsere Ba Ne

Wani bidiyo ya yi ta yawo a WhatsApp wannan mako, kuma har yanzu raina bai huce ba. Kat-kat biyu da wasu 'yan moto a kan tudun yashi, suna zagaye suna tayar da ƙura, ana ihu ana tafi. Wanda ya turo mini ya ce a gefen Gadabeji aka ɗauka. Abin da tayoyin ke niƙewa ciyawar kaka ce, ta bushe ta yi fari, wadda garken wani bawan Allah zai dogara da ita har faɗuwar ruwa. Can wajen ƙarshe suka hango barewa, suka rufa mata baya.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Dakoro ya san yashin arewa saiwar ciyawa ce kaɗai ke riƙe da shi. Ƙarangiya da 'yan'uwanta suna zubar da iri da kaka, irin ya kwanta a saman ƙasa yana jiran damina. Taya ta bi ta kai, ta tsaga fatar ƙasar, iskar hunturu ta zo ta kwashe yashi da iri gaba ɗaya. Direba na biyu ya iso, ya ga sawun farko ya yi laushi, yana tsoron kafewa, sai ya kauce ya buɗe nasa a gefe. Na uku ma haka. Kafin rani ya ƙare hanya ɗaya ta zama biyar ko shida, kowace tana cin kiwo. Da damina ruwa ya sami sawun ya bi, ya yi ta zaizaya har ya zama kwazazzabo. Ku tsaya a bakin ɗaya daga cikin hanyoyin Bermo ku duba: tsakiyar sawun yashi ne tsirara, gefensa kuma tumfafiya ce ke fitowa inda dā ciyawa take.

Ga kuma wuta. Salansar motar da ta sha gudu garwashi ce. A tsayar da ita cikin busasshiyar ciyawa, ko a jefar da guntun taba ta taga, shi ke nan. Kowace shekara maza da mata suna fita cikin rana suna share tsagin kare gobara, da hauya da manjagara, wasu a aikin gina-ka-ci, don wutar daji ta sami inda za ta tsaya. Mutum ɗaya da tankinsa cike zai iya lalata wannan wahala a yammaci ɗaya, ya koma gida ya yi barci. Waɗanda suka ga 2010, lokacin da gawar shanu ta cika kewayen Gadabeji saboda rashin abin kiwo, sun san darajar dami ɗaya na ciyawa.

Tun 1955 aka keɓe Gadabeji, hekta 76,000, saboda namun dajinsa. Mariri ya ƙare a nan, jimina ta ƙare, raƙumin dawa ya ɓace a shekarun fari na 1970. Fari ya ci nasa rabo, amma a duk faɗin Sahel abin da ya ƙarasa manyan namun daji shi ne haɗuwar mota da bindiga. Maharbin dā yana tafiya a ƙasa, yana sanɗa, wata rana ya samu, wata rana ya dawo hannu rabbana. Mota ba ta gajiya. Ana bin barewa har numfashinta ya yanke ta faɗi, kuma ko an ƙyale ta bayan an gama ɗaukar hoto, sau da yawa ba ta sake tashi. A 2017 UNESCO ta sa Gadabeji cikin jerin keɓantattun wuraren halittu na duniya. A 2018 aka ɗauko raƙuman dawa 8 daga yankin Kure, aka yi tafiyar kilomita kusan 800 da su a babbar mota, a hankali, don su sake zama a nan. An sha wannan ɗawainiya ne don wasu su zo su firgita su da hon?

In ana maganar ɓarnar mota, ba na gajiya da zancen itacen Tenere. Itace ɗaya tak a tsakiyar hamada, ayarin gishiri ya yi shekaru aru-aru yana wucewa ta gindinsa, babu Buzun da ya karya reshensa ya dafa shayi. A 1973 direban babbar mota ya banke shi, a filin da babu wani abin karo sai shi. Gawarsa tana gidan tarihi na Yamai.

Za a ce ai daji ba kwalta, dole mota ta shiga. Gaskiya ne, mai naƙuda daga ruga da ma'aikacin da ke sintiri ba da su nake ba.

Da masu shiga don nishaɗi nake, da masu farautar dare da fitila, da 'yan kasuwar da ke ratsa kiwo suna lodin ciyawa su kai gari. Doka tana nan, mai lamba 98-07 ta 1998, ta hana farauta a kan abin hawa mai inji, ta hana farautar dare. To me ya sa take da haƙora a kan wasu kawai? Tsohuwa ta sari reshen aduwa a karɓe mata gatari. Bafulatani ya sassabe kandili ya ba awakinsa a ci shi tara. Amma mai gilashi baƙi ya kwana yana sukuwa a daji, da safe a ɗaga masa hannu a shinge. Wannan zalunci ne, kuma makiyaya suna gani. Ba za ka ce wa mutum ya tsare daji ba alhali yana kallon wanda ya fi shi ƙarfi yana tattake shi. Iyayen yaran da ke wannan sukuwa kuma, da suka ba su makulli da kuɗin mai, su ji kunya, don a gaban idonsu ake wanke ƙurar da ke jikin motar.

Abin da nake nema ba ya buƙatar tallafin waje. Hukumomin Dakoro da na Bermo su zauna da ma'aikatan gandun daji da sarakuna da ardo-ardo, a fayyace hanyoyin da mota za ta bi, a kafa musu alama, sauran a rufe. Daga kaka zuwa faɗuwar ruwa, duk motar da aka kama ta bar hanya ba da larura ba a tsare ta, a sanar da tarar a rediyo kowa ya ji. Makiyayi da ya kawo lambar mota a saurare shi, kada a tona shi. Bidiyon wannan mako kuwa, lambar ɗaya daga cikin motocin ta fito sarai, sai a fara da ita.