Ku bar Gizo ya shiga aji

Akwai wata magana da ke yawo a cibiyoyin yaƙi da jahilci. Wasu malamai suna cewa wai tatsuniya aikin yara ce, ba ta dace da magidanci mai gemu ba. Wai in za a koya ma mutum riƙon takardu, a ja masa layi uku bisa allo: shiga, fita, saura. Shi ke nan.

Mu ba mu yarda ba. Manomi ya wuni aiki, ya zo aji a gajiye. Ka nuna masa layi uku, kafin ya kai gida sun zube. To, gwada ba shi labari ka gani.

An naɗa Gizo ma'ajin rumbun tsimi na gari. Da bazara Ƙoƙi ta ranci tiya 10 na hatsi. Gizo ya rubuta 10. Bai sa kwanan wata ba, bai kira kowa ba, bai ba ta tata takarda ba. Da kaka ta yi sai ya ƙara sifiri guda. Tiya 10 ta koma 100!

Nan take aji zai kaure. Wani ya ce, ina shaidu? Wata ta ce, don mi ba a rubuta "goma" da baƙaƙe kusa da lamba ba? Wani ya ce, ai da an yi takarda biyu, kowa ya riƙe guda. Kun ji? Su da bakinsu suka fiddo dokokin, malam bai wahala ba. Washegari Gizo ya yage shafi guda, a gane amfanin sa ma kowane shafi lamba. Jibi ya kankare rubutu, a gane cewa kuskure layi ɗaya ake ja masa, a bar shi ana gani. Ran da ya ce gara ta cinye littafin kuwa, kowa zai tuna akwatin ƙarfe, a ɗora shi sama, nesa da ƙasa da yoyon damina.

Masu raina wannan, ko sun taɓa zama wurin shari'ar gona? Uba ya jinginar da gonarsa lokacin yunwa. Bayan shekaru ya rasu, shaidu ma sun rasu. Ƴaƴan wancan suka ce saye ne. Tun 1993 ƙasarmu Nijar take da dokar karkara, wadda ta kafa kwamitocin kula da filaye. Na ƙauye, mai gari ne shugabansa. Ana ba da takardar saye, da ta kyauta, da ta aro, da ta jingina, kowace daban. Amma mutane nawa ne suka karɓi takardar suka cusa ta cikin jinka, ruwa ya jiƙa ta? Ba a taɓa nuna masu ranar da za a neme ta ba. Labari shi ke kai mutum wannan rana tun ba ta zo ba.

Abu guda muka yarda da shi cikin maganarsu: in aka yi dariya aka watse, an yi hira kawai. Saboda haka da an ce ƙurunƙus, kowa ya ɗauki bik da kaye, ya rubuta ma Ƙoƙi takardar da Gizo ya hana ta. Suna, kwanan wata, yawan tiya da lamba da baƙaƙe, shaidu biyu, wurin dangwala yatsa. Malam ya zaga ya duba. Wanda ya manta kwanan wata, shi zai zama Ƙoƙi a wasan gobe.