Katafila Ba Ta San Kushewa Ba

Mutanen Madarumfa, kowa a cikinmu in ya yi baƙo, bakin tafki yake kai shi, ya nuna masa kaburburan waliyyai 99 yana taƙama. Tun 2006 Nijar ta sa tafkin da gandun dajinsa da kaburburan nan cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta ɗauka a gadon duniya. Madalla. To amma me muke yi wa abin da ke kwance a ƙarƙashin ƙafarmu, wanda ba a kewaye ba, ba a kuma kafa masa allo ba? Tone shi muke yi, mu zubar.

Ku dubi yadda aiki ke farawa a ƙasar nan. A yanka filaye, a kafa turaku, ɗan kwangila ya turo katafila da sassafe. Ba mai tambayar mai gari ko dattawan unguwa ko nan kufai ne, ko tsohuwar makabarta. In haƙoran katafila suka fito da tsingaro, ko kashin maƙera na mutanen da suka narka tama, ko ma ƙashin ɗan Adam, sai direba ya duba hagu da dama ya mayar da ƙasa, don kada a tsayar masa da aiki. Wani kuma ya ce kayan arna ne. Kunya ya kamata wannan magana ta ba mu, domin waɗanda ake kira arnan kakanninmu ne, su suka sari dajin kwarin Gulbin Maraɗi tun kafin Katsinawan da jihadi ya kora su kafa Maraɗi wajen 1819.

Kuma ba rashin doka ba ne. Dokar ƙasa ta 30 ga Yuni 1997 kan kare kayan gado ta wajabta wa wanda ya ci karo da kayan tarihi a ƙasa ya sanar da hukuma. Muna da masana binciken ƙasa a cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai. Aikinsu a bayyane yake: su taka filin da ƙafa kafin a taɓa shi, su zauna da tsofaffi, su haƙa ƙananan ramukan gwaji, su zana taswirar inda za a kauce wa da inda za a kwashe kaya a tsanake. Kuɗin wannan bai taka kara ya karya ba in aka gwada shi da kuɗin kwalta. Magajin garin da ya sa hannu a takardar fili bai nemi wannan bincike ba, ya ci amana.

Mun ga abin da sakaci ya yi a Bura, can yammacin ƙasar nan. An gano wurin a 1975, Bube Gado ya yi haƙa a 1983, daga baya ɓarayin kayan tarihi suka yi wa yankin wasoso, tukwane da mutum-mutumin yumɓu suka ƙare a kasuwannin Turai.

Kada kuma a yi binciken don cika takarda kawai. A Ostireliya, masana sun tabbatar mutane sun zauna a kogunan dutse na Juukan tun shekaru 46,000, har an tono ɗamarar gashin mutum mai shekaru 4,000. Duk da haka a Mayun 2020 kamfanin Rio Tinto ya sa nakiya ya tarwatsa su don haƙar tama, masu ƙasar na asali suna roƙo. Shugaban kamfanin ya rasa kujerarsa, kogunan kuwa sun tafi ke nan.

Yanzu ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, zai shigo mana ta Jibiya da Ɗan Isa. Bayansa tasha za ta zo, da rumbunan kaya, da 'yan kasuwar filaye. Hukumomin gundumar Madarumfa da sarakunanmu, kada ku bari katafila ta shiga fili sai masana sun riga ta, a kuma karanta wa talakawa sakamakon da Hausa a ƙofar fada.