A koya wa kwamfutocin ofis kare kansu idan an ɗauke wuta

Jihar Neja ce ke ɗauke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, amma ma'aikacin gwamnati a Kontagora ya san wutar lantarki ba ta sallama idan za ta tafi. In ta ɗauke a lokacin da kwamfuta ke tsaka da adana bayanai, fayil na iya lalacewa, ko da kuwa na albashi ne ko na sakamakon jarrabawar ɗalibai.

Ofisoshi da dama sun sayi UPS, sai dai kuka kawai yake yi har cajinsa ya ƙare, kwamfutar ta mutu tare da shi. Alhali da yawa daga cikin waɗannan na'urori na da kafar USB. In an haɗa wayar, Windows kan ɗauki UPS tamkar batirin laftof, sai a umarce ta cewa da zarar caji ya sauka zuwa wani mataki, ta adana duk aikin da ke buɗe sannan ta kashe kanta. A Linux, manhajar NUT ce ke yin wannan aiki.

Wasu za su ce sola ta raba gardama. To, batirin sola ma kan ƙare, musamman da dare, lokacin da babu kowa a ofis.

Ya kamata NITDA ta sanya wannan saiti cikin ƙa'idojin da take bai wa hukumomin tarayya, kuma kada jami'in saye ya sa hannu kan takardar karɓar kaya sai an zare filogi a gabansa, ya ga kwamfutar ta kashe kanta lami lafiya. Tun ran gini ake zane.