Motarka Na Karkarwa A Danja? Kar Ka Yi Saurin Sayen Fulogi



Ka tsaya a danja, ƙafarka kan birki, giya tana D, sai sitiyari ya hau rawa a hannunka, madubi na karkarwa. Ka kunna AC abin ya ƙaru. Ka je gareji, kafin ka gama bayani an ce maka "fulogi ne, Alhaji." An canza fulogi, an wanke nozul, kuɗi sun tafi, karkarwa kuwa tana nan daram.

Ni a ganina, duk motar da ta zo da wannan matsala, kafin a kwance ko noti ɗaya a jikin inji, a fara gwada injin sit. Gwajin kyauta ne, bai kai minti biyar ba.

Injin sit shi ne ƙarfen nan mai roba a tsakiya wanda inji da giyabos suke zaune a kai. Aikinsa biyu ne: ya riƙe inji a mazauninsa, ya kuma shanye girgizarsa kada ta kai ga jikin mota. Yawancin ƙananan motoci suna da uku ko huɗu. Corolla ta 2003 zuwa 2008 huɗu gare ta: gaba, baya, dama da hagu, kuma na daman akwai ruwa a cikinsa, ba roba ce zalla ba. Idan ya fashe ruwan ya tsiyaye, ya mutu ke nan, ko da a ido kana ganinsa lafiya lau.

Ga yadda za ka bambance. Idan fulogi ko kwail ne, inji da kansa yake tangarɗa. Allurar RPM tana hawa da sauka, ƙarar salansa tana yankewa, ko ka mayar da giya P ko N ba ta dainawa, sau da yawa kuma fitilar inji za ta kama. In kana da ƙaramar na'urar OBD2 da ake haɗawa da waya ta Bluetooth, za ta nuna maka lamba irin P0300 zuwa P0304. Injin sit na roba kuwa ba ya ba da wata lamba. Allura tana tsaye cak wajen 700, inji na tafiya sumul, amma jikin mota na rawa, kuma da ka mayar N sai ka ji sauƙi. Akwai kuma wata ƙara "ƙwas" lokacin da ka sa D ko R, ko ka taka totur da ƙarfi.

Gwajin kansa: ka sami fili, ka ja birkin hannu, ka buɗe bonet. Wani ya tsaya a GEFEN mota yana kallon inji. A gefe na ce, kada kowa ya tsaya gaba ko baya. Ka danne birki sosai da ƙafar hagu, ka sa D, ka ɗan taɓa totur na daƙiƙa ɗaya ko biyu, ka saki. Ka maimaita a R. Inji ya ɗan motsa kaɗan ba laifi ba ne. Amma in ya zabura sama kamar zai fito, ko ya bugi wani abu, to akwai wanda ya yanke. Sai a haska tocilan a duba: roba ta tsage, ta rabu da ƙarfe, ta zauna ƙasa, ko akwai sawun baƙin ruwa a jikinta.

Inda na fi samun saɓani da mutane shi ne wajen gyara. Za a ce maka a cusa masa robar tsohuwar taya, ko a yi masa walda ya zama ƙarfe ɗaya, "ai ba zai sake lalacewa ba." Gaskiya ne, ba zai sake yagewa ba, amma girgizar da ya kamata ya shanye ina za ta? Jikin mota za ta koma, da sauran injin sit ɗin da suka rage. Na san halin da ake ciki, kuɗi sun yi wuya, kuma in a hanya ya yanke maka, faci ya kai ka gida ba aibu ba ne. Mayar da facin gyara na dindindin ne ban yarda da shi ba. Barin sa a yanke ma asara ce, don inji mai tsalle yana jan bututun salansa, tiyon lagireto, wayoyi da shaf. Abin dubu kaɗan sai ya jawo maka na dubbai.

Sabo ko na Beljiyam? Sabo na ainihi ya fi, ba tantama. Sai dai wani sabon mai arha robarsa tauri gare ta kamar dutse, ka ɗaura ka ji karkarwar ta fi ta da. Na Beljiyam kuma ka tuna roba tsufa take yi, ko ba a mora ba. In shi za ka saya, a Ƙofar Ruwa ne ko Panteka, ka tafi da tsohon naka ka jera su, ka duba tsayi da ramukan noti, ka lanƙwasa robar ka ga ko da tsaga, ka kuma yi sharaɗin mayarwa.

Ranar ɗaurawa ka tsaya a wurin. A tallafi inji da jak, a sa katako mai faɗi tsakanin jak da kwanon baƙin mai, kada ƙarfe ya lotsa shi. A ɗaga kaɗan kawai, daidai yadda nauyi zai sauka daga kan robar. Ɗaya bayan ɗaya ake canzawa. Kada a ɗaure notuna tamau sai an sauke inji ya zauna da nauyinsa, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe, ta sake yagewa da wuri.

Sannan ka sa a duba ko baƙin mai na ɗiga daga saman inji zuwa kan injin sit ɗin. Mai yana cin roba. In akwai yoyo, a canza gasket ɗin a rana ɗaya da shi.